Kan Famfon Kular Zoɓo

 Abin da ya kawo mu yau bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya taɓa ba mu kunya a bainar jama'a, shi ya sa muka daɗe muna bin diddiginsa.

A bazarar bara muka yi walimar wani ƙaninmu a Gumel. Matan gida suka kwana suna dafa zoɓo, aka sa citta da kanumfari, aka tace sau biyu, aka juye a sabuwar kula mai kan famfo da muka sayo kwana uku kafin ranar. Kafin baƙinmu na Gagarawa su iso, tabarmar da ke ƙarƙashin teburin ta yi jawur. Kular ba ta fashe ba. Ɗiga take yi daga gindin famfon, daidai inda ya haɗu da jikinta. Wani ya ɗaure wurin da leda, wani ya yanko robar tayar babur ya naɗe, wani ya ce a ɗiga sufa gulu. Daga ƙarshe aka tara kwano a ƙasa, in ya cika a mayar cikin kular. Ƙuda ya sha, baƙi ma suka sha. Da aka watse muka kwance famfon, sai muka ga ashe zoben roba ɗaya ne babu daga ciki, wanda masu gyaran famfo ke kira washa.

Washegari muka kai wa wani mai gyara. Ya cire na robar ya ɗaura mana na tagulla, mai nauyi, mai ruwan gwal, irin wanda ake sa wa a jikin tankin ruwa. Ya ce wannan har jikoki. Ɗiga kam ta tsaya. Amma ranar da zoɓo ya kwana a ciki, kofin farko da aka tara da safe ɗanɗanon ƙarfe yake yi, bayan mako biyu kuma muka ga kore-kore a cikin bakin famfon. Mun gudu daga ɗiga mun faɗa abin da ya fi ta.

Ra'ayinmu ke nan tun daga lokacin: duk mai haɗa abin sha a gida, na sayarwa ne ko na biki ko na buɗa-baki, ya fara kashe kuɗinsa a kan famfo da washa da tiyo da mazubi, kafin ya kai ga sukari da kayan ƙamshi. Mun san yadda wannan magana za ta faɗa a kunnen matar da jarinta bai taka kara ya karya ba, kuma za mu zo kanta.

Mu a wannan yanki ba baƙin zoɓo ba ne. Gonakin Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari da Gumel, bayan gero da riɗi da wake, zoɓo suke bayarwa. Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis bayan kaka ya ga buhunansa jibge, wasu daga ƙauyukanmu, wasu sun tsallako daga ƙasar Damagaram. Daga nan motoci ke kwasa, a kai shi inda za a tsince a kakkaɓe a yi masa takardun lafiya, ya hau jirgin ruwa zuwa ƙasashe irin su Meksiko, inda suke dafa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Zoɓon da zai tafi wata ƙasa sai an tantance shi hawa-hawa. Wanda ya rage mana kuwa, wanda yaranmu ke saye a ƙofar makaranta da tasha, babu mai tambayar ta wace hanya ya bi daga tukunya zuwa kofi.

Mutane sun fara farkawa game da abin da ake zubawa a ciki. A watan Maris na 2021 Kano ta ga tashin hankali, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen gari da aka sayar da sunan ɗan tsami, har hukumar NAFDAC ta shiga bincike. A watan Yunin 2024 kuma jami'an lafiya na jihar Legas suka danganta wani ɓangare na ɓarkewar kwalara a can da kunun aya marar rajista. Tun daga nan za ka ji uwa tana tambayar me aka sa a ciki. Ba mu taɓa jin wadda ta tambayi a cikin me aka sa ba.

Mu fara da tagulla, don ita ce ta fi ruɗin mutane. Tana da nauyi, tana da kyau, ba ta karyewa, kuma mai gyaran famfo ita ya sani. Ba laifinsa ba ne, shi da ruwa yake aiki. Zoɓo kuwa ba ruwa ba ne. A ma'aunin tsami da ake kira pH, ruwan sha yana wajen 7, zoɓo yana wajen 3 ko ƙasa da haka, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa haka tsamin ke ƙaruwa. Lemon tsamiya ma haka, kunun zaƙin da ya kwana shi ma ya bar 6 a baya. Iyayenmu mata sun san aikin tsami a jikin ƙarfe tun kafin a kawo mana ma'auni: in tagulla ta dafe, tsamiya ko lemon tsami ake goga mata ta yi ƙyalli. Wannan ƙyallin, fatar ƙarfen ce tsamin ya cinye. In a wajen wanki ne, abin da ya cinye ya bi ruwa ya tafi. In a cikin famfon kula ne, kofi yake sauka.

Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da zinki, kuma masu ƙera kayan famfo kan ƙara mata dalma, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, don ta yi daɗin yanka a inji. Dokokin abinci na Amurka sun hana jan ƙarfe da tagulla su taɓa abincin da tsaminsa ya gaza 6 a ma'aunin nan. Ko a ruwan sha zalla, tun watan Janairun 2014 suka rage dalmar da aka yarda da ita a kayan famfo daga kashi 8 zuwa kashi 0.25 cikin ɗari. Famfon da ke zube a faranti a kasuwanninmu, babu kwali babu rubutu, wa ya auna shi? Jan ƙarfe in ya yi yawa a ciki, amai da ciwon ciki yake kawowa nan take, ka ga ko banza mutum zai gane. Dalma kuwa shiru take aikinta, tana taruwa a jiki, ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da za a kira marar lahani. Arewa ta san sunan dalma tun 2010, lokacin da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Ba muna cewa kan famfo ɗaya zai yi irin wannan ɓarna ba, tazarar tana da yawa. Muna cewa yaron da ke shan zoɓon kula ɗaya kullum tsawon zangon karatu bai kamata a ƙara masa ko kaɗan ba, tunda akwai hanyar kaucewa. Bokitin ƙarfe na wanki, wanda aka lulluɓe da zinki, shi ma hukuncinsa ɗaya: tsami na cinsa, kada a jiƙa zoɓo a ciki.

To me za a saya? In da hali, ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira sitenles, mai lamba 304 a jiki. Wani lokaci za a ga an rubuta 18/8, ma'anarsa ɗaya. Sai dai a nan ma akwai tarko. Da yawa daga cikin famfunan da ke ƙyalli kamar azurfa tagulla ce aka yi wa fenti na ƙarfe daga waje. Hanyar ganewa ba wuya: a leƙa cikin ramin, ko a ɗan kankare haƙoran murɗawa da bakin wuƙa. In rawaya ta leƙo, a ajiye. Mai shago na gaskiya ba zai hana ka leƙawa ba. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi kuwa ba abin dogaro ba ne, don ita ma tagulla ba ta kama maganaɗisu.

In kuɗin sitenles bai samu ba, famfon roba mai kyau ya fi tagulla mai tsada. Mun san wannan zai yi wa wasu banbaraƙwai, don mun saba ganin roba a matsayin kayan talaka. Amma tsami ba ya cin robar abinci. A juya gindin kula ko bokiti a duba ɗan alwatikan nan mai lamba a tsakiya. Lamba 2 da lamba 5 su ne robobin da aka fi yin mazubin abinci da su, wani lokaci har da zanen kofi da cokali mai yatsu a gefe. Abin da za a nema a famfon roba shi ne ya kasance mai kwancewa: a iya cire shi daga jikin kula, a iya raba shi gida-gida. Wanda aka manne da gam, ko aka narka shi a jiki, ranar da ya yi datti ya yi ke nan.

Washa biyu ake so, ɗaya daga waje ɗaya daga ciki, sannan noti ya matse su. Na silikon, masu laushi fari ko ja, sun fi jure zafi da tsami. Robar taya da ake yankowa a yi washa da ita an yi ta ne don titi, warinta ma kaɗai ya isa shaida. Kuma da hannu ake ɗaure notin roba. Yawancin ɗigar da muka gani bayan tamu, ba sakaci ya kawo ta ba, ƙwazo ne: an sa filaya an murɗe har washar ta tattare ko jikin kular ya tsage. In an gama ɗaurawa, a cika da ruwa a ɗora a kan busasshen kwali a bar shi awa ɗaya. Kwali ba ya ƙarya.

Wanda yake ganin ɗiga ba komai ba ce, ya yi lissafi. Kimanin ɗigo 4,000 ke cika lita. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa biyar, daga safe zuwa magariba, awa goma ke nan, ya zubar da ɗigo 7,200, kusan lita biyu. Gorar rabin lita uku zuwa huɗu kenan a kullum. Mai sayarwa ta san nawa ne gora huɗu a cikin ribarta, sau da yawa su ne ribar gaba ɗaya. A wata guda ta zubar da kuɗin famfo mai kyau a ƙasa, ga ƙuda da kiyashi da ɗigar ke gayyatowa.

Masu kunun zaƙi da kunun aya matsalarsu daban ce. Kunu yana da kauri, yana kwantar da gari a ƙasa. Famfo mai ƙaramin rami toshewa yake yi, daga nan sai ka ga an zaro tsinken tsintsiya an zura, ko yarinyar da ke tallan ta sa baki ta hura. Mun gani da idonmu a tasha, ba sau ɗaya ba. Maganin wannan tun wajen saye ne: a nemi mai faɗin rami, aƙalla rabin inci, a kuma huda shi sama da gindin mazubin da kamar yatsu biyu. Kunun aya kuma ba shi da tsamin da zai kare shi, shi ya sa ya fi saurin lalacewa, ya fi kuma buƙatar famfon da ake kwancewa a wanke kullum. Wannan yauƙin da ake ji in an zura ɗan yatsa a cikin famfon da ya kwana biyu, gidan ƙwayoyin cuta ne, ɗauraya ba ta fitar da shi. Sai an goge da ɗan buroshi da sabulu, a ɗauraye, sannan a jiƙa na minti biyu a ruwan da aka sa wa bilic marar ƙamshi, cokalin cin abinci ɗaya a lita huɗu, a bar shi ya bushe. Sharaɗi ɗaya: a wanke zoɓon ko ɗan tsamin tas kafin bilic ya taɓa wurin, don haɗuwar bilic da tsami iska mai guba take fitarwa.

Tiyo kuwa, in ba dole ba a bar shi. In dole ne, gajere, fari mai nuna ciki, wanda aka yi don abinci. Tiyon ban ruwan lambu da na janareto ba su da wuri a nan.

Sai babbar magana, mazubin kansa. Yankinmu yankin noma ne, kuma kowace damina tana barin jarkoki da galan-galan na maganin ciyawa da maganin feshin wake. Suna da kauri, suna da murfi mai kyau, ga arha. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki da omo da toka da shanyawa a rana ba sa fitar da shi duka. Hukumomin noma da lafiya na duniya matsayarsu ɗaya ce: mazubin maganin ƙwari ba ya komawa na abinci ko ruwa har abada, huda shi ake yi don kada wani ya ɗauka. Haka shuɗin duro da ba a san abin da ya fara ɗaukowa ba. Jarkar man girki mai lita 25 ita kam ta abinci ce tun asali, aibinta ɗaya, bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga ya goge lungunanta. Don haka mu mun fi son bokiti mai murfi ko kula mai faɗin baki, a ɗaura mata famfo.

Akwai abin da muka koya daga wata ƙasa da ya dace a faɗa a nan. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kamfanonin lemo a Amurka suka fara raba kayansu ga shaguna a cikin wasu tankokin sitenles masu cin kimanin lita 19, waɗanda aka fi sani da sunan kamfanin Cornelius. Kowane tanki yana da baki biyu, ɗaya iskar gas ke shiga, ɗaya abin sha ke fita. Irin na Coca-Cola an yi wa bakin gas ƙusa biyu, bakin abin sha ƙusa uku, yadda ko a cikin duhu mutum ba zai haɗa su a juye ba. Irin na Pepsi kuma wani kulle daban gare shi, na wannan ba ya shiga na wancan. Da kamfanonin suka sauya tsari, sai masu haɗa abin sha a gida, na lemo da na giya, suka riƙa sayen tsofaffin tankokin. Abu na farko da suke yi in sun sayo shi ne cire zoben roba biyar da ke jikin tankin su sa sababbi, don tsohuwar roba tana riƙe warin abin da ya daɗe a ciki, kuma ta nan iska ke zurarewa. Tankin ƙarfe mai shekara talatin yana nan garau, abin da ke mutuwa ɗan zoben ne. Mu ba ma tura zoɓo da gas, amma kayanmu ma ta nan suke mutuwa.

Ai gas ɗin ma muna da namu, ba tare da mun saya ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gumel ke haura digiri 40, kunun zaƙin da aka rufe ruf a jarka yana ci gaba da tsami yana fitar da iska. Jarkar ta kumbura, washa mai rauni ta saki, ko murfi ya yi tsalle a fuskar mai buɗewa. In kuma murfin ya kama sosai babu ta inda iska za ta shiga, famfo sai ya riƙa kwarara yana tsayawa, mai talla ta gaji ta buɗe murfin gaba ɗaya, ƙura da ƙuda su samu ƙofa. Ɗan rami kamar kan ashana a jikin murfi, a rufe shi da ƙyalle mai tsabta, ya raba wannan gardama.

Yanzu ga maganar da muka ce za mu dawo kanta. Wata za ta ce, ni da nake haɗa zoɓon kwano ɗaya in ɗura a gora, ina ni ina sitenles? Wani kuma zai ce kakanninmu da randa da moɗa suka rayu, ba su san washa ba. Duka biyun suna da gaskiya a wani wuri. Randa ba ta da dalma, ba ta taɓa ɗaukar maganin ciyawa ba, kuma tana sanyaya abu ba tare da ƙanƙara ba. Ai a kan wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Raunin randa moɗa ce, hannu goma a cikin ruwa ɗaya. A gida guda ana iya jurewa. A tasha ko wurin biki, inda mutum ɗari za su sha, a jihar da tana cikin waɗanda kwalarar 2021 ta fi taɓawa, tsoma hannu caca ce. Famfo an kawo shi ne don ya raba hannu da abin sha. In shi kansa ya zama matattarar datti ko tsatsa, gara moɗa mai dogon hannu da mutum ɗaya ke riƙewa. Wannan ita ce amsarmu ga mai ƙaramin jari: ba dole sai kin sa famfo ba, amma in za ki sa, kada ki sa na banza. Bokitin roba mai lamba 5, famfon roba mai kwancewa, washa biyu, sun wadatar.

Inda muke ganin gyara zai fi sauri shi ne wajen masu sayar da kayan da masu ɗaura su. Mai kayan famfo a Gumel ko Maigatari da ke saro kaya daga Ƙofar Ruwa a Kano, in ya riƙa tambayar mai saye, na ruwa ne ko na zoɓo, ya gama rabin aikin. Ya kuma riƙa ajiye washa ɗai-ɗai, don yanzu sau da yawa in zobe ya lalace sai an sayi famfo sukutum, shi ya sa mutane ke komawa ga leda da robar taya. Ƙungiyoyin mata masu adashe su ma za su iya haɗa kuɗi a saro dozin guda a raba, ya fi sauƙi a kan kowa ta aika yaro shago ya karɓo duk abin da aka miƙo masa. Masu duba-gari na ƙananan hukumomin nan huɗu, in sun fita zagaye, bayan kallon murfi da ƙuda, su riƙa cewa a kwance famfon su gani.

Kular walimar tana nan a gidanmu. Famfon roba muka mayar mata, da washa biyu na silikon, wasu huɗu kuma suna cikin wata 'yar roba a saman firji. Ta yi azumi guda cur tana ɗaukar zoɓon buɗa-baki ba ta jiƙa tabarma ba. Na tagullar kuwa mun mayar wa mai gyaran ya ɗaura shi a jikin duron da ake wanki, inda har yau bai ɗiga ba.